Gayyar Haladu da Watan da Ya Ƙi Fitowa

Mu mutanen Madadi Allah ya yi mu da son arha, kuma ba ma jin kunyar faɗa. Mutum sai ya taka da ƙafa har kasuwar Kabo don ya ji an ce gishiri ya sauka da anini, ya dawo takalminsa ya tsinke, ya zauna yana ba da labarin ribar da ya ci. To duk a cikinmu ba a yi kamar Haladu ba, don shi har wa'azin tattali yake yi ba tare da kowa ya roƙe shi ba.

A zamanin da nake faɗa, gyaɗa ce kuɗi. Da ita ake biyan haraji, da ita ake ɗinka rigar Sallah, da ita ake aure. Duk wanda ya noma ta a wajenmu, a sikelin Malam Dalhatu ɗan baranda take ƙarewa kafin a loda wa jakuna a nufi Kano da ita. Dalhatu mutum ne mai fara'a, ba a taɓa jin ya ɗaga wa kowa murya ba. In damina ta yi tsakiya rumbu ya yi ƙasa, sai ya ba ka falle, wato kuɗi a hannu yau, ka biya shi da gyaɗa da kaka a kan farashin da shi ya yanka. Wanda ya karɓa sau ɗaya da wuya ya kuɓuta. Mahaifin Haladu a haka ya rasu, gonarsa ta fadama tana hannun jingina, kuma ranar sadakar bakwai Haladu ya rantse a gaban mutane cewa shi da falle har abada. Rantsuwar nan ita ce abu guda na hankali da aka san shi da shi, sai dai ya ɗora mata baki har ta gunduri kowa.

Kullum da la'asar yana kan dakalin ƙofar masallaci yana koyar da masu furfura yadda ake riƙon gida. Shi ne mai cewa goro ɗaya ya kamata ya kai magidanci kwana huɗu. Shi ne mai cewa wanda ya kunna fitila alhali akwai farin wata ya yi almubazzaranci. In Dalhatu ya zo wucewa sai ya ƙara murya, Dalhatu kuwa sai ya yi murmushi ya ce, "Malam Haladu, ƙofata a buɗe take."

Shekarar da abin ya faru, gyaɗar Haladu ta yi kyau ƙwarai. Ran wata Alhamis matarsa Uwaliya, wadda ke sana'ar man kaɗanya da ƙuli-ƙuli, ta tono saiwa ɗaya a gefen gona, ta ɓare, ta kawo masa a tafin hannu.

"Malam, gyaɗar nan ta nuna," in ji ta. "Ƙasa da sauran laima. In muka duƙa ni da kai, kullum kunya goma, kafin mako mun cire ta ba mu kashe ko kwabo ba."

"Ke tunaninki bai wuce kunya goma ba. Gayya zan kira, a cire ta rana ɗaya."

"Gayya da me? Gayya ai ciki ce. Ga tuwo, ga fura, ga goro, ga sallamar makaɗi."

Haladu ya waiga ko akwai mai jin su ta katanga, sannan ya matso. "Yau nawa ga Sha'aban?"

"Sha bakwai."

"Madalla. Watanni biyu da suka wuce duk talatin-talatin suka yi, wannan ba yadda za a yi ya wuce ashirin da tara. Na lissafa da yatsu, na lissafa da tsakuwa. Laraba ta biyu mai zuwa ita ce ɗaya ga azumi, kuma ranar zan sa gayyata. Mai azumi me zai ci? Su cire gyaɗa, azahar ta yi kowa ya tafi gidansa ya jira shan ruwa. Ko ludayin fura ba za mu dama ba."

Uwaliya ta dube shi. "In sun ji azumi ne ai ba mai zuwa."

"Shi ya sa zan ce musu watan talatin zai cika. In mutum ya riga ya ba Bappa Ya'u hannu ya ce zai zo, ko ƙafarsa ta karye sai ya zo."

"Wato ƙarya za ka yi wa gari."

"Lissafi zan yi musu. Lissafi kuwa yakan kuskure."

"Ƙasa fa? Kwana goma sha uku ba ruwa, ai ta ƙame."

"Ƙasa tawa ce, na fi ki saninta."

Uwaliya ta jefa gyaɗar a baki ta koma wajen turminta.

Bappa Ya'u maƙwabcinsu ne, katanga ɗaya ta raba su. Dattijo ne mai 'yan shanu da tumaki, kuma shi ke haɗa gayya a garin, in ya ce wa samari su fito ba mai musu. Da Haladu ya kawo masa maganar, ya ƙirga kwanaki ya ce, "Larabar nan ba ta yi kusa da azumi da yawa ba?"

"Bappa, in dai wata ne, bar ni da shi. Talatin zai yi cif. In bai yi ba a daina kirana Haladu."

"To me za a ba mutane?"

Nan ne fa Haladu ya ji wani daɗi da bai taɓa ji ba a rayuwarsa, daɗin yin alkawarin abin da ka tabbata ba za ka bayar ba. Ya ce fura da nono. Da ya ga Bappa bai motsa ba, ya ƙara da tuwon dawa da miyar kuka mai man shanu. Washegari a dakali wani ya ce gayyar Haladu ai sai mutum ya zo da guzurinsa, sai zuciya ta ɗebe shi ya ce zai yanka ɗan akuya. Ranar kasuwar Kabo, a rumfar mahauta, ɗan akuyan ya zama rago. Kafin ya dawo gida ragon ya yi ƙaho mai murɗa biyu, kuma labarinsa ya riga ya kai Durun da Mainika.

"Na ji an ce za ka yanka rago," in ji Uwaliya. "A ina muke ɗaure shi? Don in riƙa ba shi dusa."

"Ki yi ta ba'a. Ranar Laraba za ki san wa kika aura."

Ruwa kuwa bai sake sauka ba. Ganyen gyaɗa ya fara zuba, ƙasa ta yi tauri har ta soma tsagewa. Haladu kan je gonar ya dunguri ƙasa da diddige, ya ji zafi, ya dawo ya ce komai lafiya.

Ranar Talata da magariba gari duka ya fito filin bayan masallaci duban wata, maza a gaba, mata a bakin katanga. Sama tas take, ba ko gajimare. Aka duba, aka duba, ba wata ba alamarsa. Haladu ya fi kowa ƙura ido, gumi na bin bayansa. Da ya ga ja ya fara gushewa daga yamma mutane sun soma juyawa, sai ya miƙa hannu.

"Ga shi can. Wallahi ga shi can, saman tsamiya."

Kowa ya juyo. Liman, Malam Ja'afaru, ya sa hannu a goshi ya duba ya ce, "Ina?"

"Can, siriri, ya ɗan karkata."

"Balbela ce, Haladu," in ji wani. "Ga ta nan ta tashi."

"Ba ita ba, bayanta."

"Kai da ka ce talatin zai yi?" in ji Bappa Ya'u.

"Bappa, ni na yi lissafi, amma ido ai ba ya ƙarya."

Liman ya tambaya ko akwai wanda ya gani ban da shi. Mutum ɗaya ya ɗaga sanda, wani tsoho mai yana a ido biyu, wanda a lokacin ma gabas yake kallo. Aka yi dariya aka juyar da shi. Haladu ya nemi Uwaliya da ido a cikin mata, ita kuwa ta sunkuya tana gyara ɗaurin zane.

"Shaidar mutum ɗaya ba ta ɗora wa gari azumi," in ji Liman. "Gobe talatin ga Sha'aban. Amma kai Haladu, tunda ka ce ka gani da idonka har ka rantse, azumi ya kama ka kai kaɗai. Ka ɗauki niyya."

Mutane suka yi ta zuwa suna ba shi hannu, suna cewa lallai ya san wata, ya ce talatin ga shi talatin, har idonsa ma lissafinsa ya ƙaryata. Haladu yana amsawa yana yaƙe, a ransa yana cewa, ni Haladu, sau ɗaya na yi ƙarya a kan wata, shi ne ya tashi ya gaskata ni.

Mutum goma sha biyu ya gayyata. Da gari ya waye, talatin suka iso, kowa da fartanya a kafaɗa, wasu tun daga Durun, kuma ba wanda ya karya kumallo a gidansa don kada ya tare wa rago wuri. Ɗanladi makaɗi ya rataya gangar noma yana gaba, yana kiran Haladu mai rago, Haladu mai hannu sake, Haladu da ba ya ƙirga ludayi. Haladu ya tarye su a bakin gona bakinsa a bushe, shi kaɗai ne mai azumi a faɗin ƙasar Gwarzo.

Aka ja layi aka duƙa. Saran farko fartanyar wani saurayi ta yi tsalle ta dawo masa. Wanda ya kama ganye ya ja, sai ganyen ya taho, 'ya'yan su zauna a ƙasa. Dole aka koma haƙa saiwa ɗaya-ɗaya.

"Haladu, gona ce wannan ko daɓe?" in ji wani Badurune.

"Ƙasa mai ƙarfi ita ke ba da gyaɗa mai nauyi," in ji Haladu.

"Ai kuwa ta riƙe abarta, ba ta da niyyar ba ka."

Da hantsi ya ɗaga, lokacin da a kowace gayya ake hango mata da ƙorai a ka, mutane suka fara waiwayen hanya. Hanya fayau. Ɗanladi ya sassauta kiɗa ya soma tambaya da waƙa ko gidan Haladu ya ƙaura ne. Samari suka fara ɓare ɗanyar gyaɗa suna watsawa a baki, ɗaya a tari biyu a ciki. Can sai wani ya tara busasshen ganye ya ƙyasta wuta ya tura saiwa goma a ciki, ƙamshi ya gauraye gonar. Kafin ka ce me, wuta uku ke ci a wuri uku.

Haladu ya ruga wajen ta farko. "Jama'a, wannan ai harajina kuke gasawa."

"Ɗanɗano ne kafin tuwo ya iso. Bismilla."

"Azumi nake."

"Af, mun manta. Allah ya ba da lada. Miƙo mana waccan saiwar ta kusa da ƙafarka."

Ya miƙa musu. Sannan ya tattare riga ya sheƙa gida.

Ya tarar da Uwaliya tana murza ƙuli-ƙuli hankalinta kwance. "Me muke da shi?" ya tambaya yana haki.

"Curin fura biyu, nawa da na baƙon da Allah zai kawo."

"Dama su."

"Wa mutum talatin?"

"Ruwa ai ba saye muke ba. Zuba."

Ta dama a babbar ƙwarya. Ya ce ta ƙara ruwa, ta ƙara. Ya ce ta ƙara, ta ce in ta ƙara kuma sai dai a yi alwala da ita. Ya ɗauka da kansa ya kai gona, rabin ta zube masa a wuya. Mutane suka kewaye ƙwaryar. Bappa Ya'u ya tsoma ludayi ya ɗaga, ya zubar a hankali yana kallo.

"Haladu, geron nan wucewa ya yi ta kusa da ƙwaryar, ko an nuna mata shi daga nesa?"

"Fura mai kauri tana sa kasala, Bappa. Don aiki na sa aka tsinka ta."

"To mun gode. Ina tuwon?"

"Yana kan wuta."

"Daga nan ina hango gidanka, ban ga hayaƙi ba."

"Itacenmu busasshe ne, ba ya hayaƙi."

Bappa ya girgiza kai ya koma can ƙarshen gona wajen da 'yan Mainika ke fama da ƙasa. Ɗanladi kuwa ya juya ganga ya koma zambo sosai. Haladu mai hannu sake ya zama Haladu mai damun rijiya, samari na amsawa suna tafi. Sai makaɗin ya tsaya a gabansa ya ce, "Maigida, a bar zancen tuwo. Ina ragon?"

Haladu bai ce ga shi ba, bai ce babu ba. Ya dai ɗaga haɓa ya nuna wajen gari, da nufin a ɗauka yana can gida. Rashin sa'a, daidai inda haɓarsa ta nuna akwai wani farin rago ƙosasshe da ya tsinke igiya ya biyo ƙamshin ganyen gyaɗa, yana tsaye a bakin gona yana ci. 'Yan Durun ba su san ragon kowa a Madadi ba. Huɗu suka tashi suka kama shi, suka jawo shi gindin tsamiya suna yaba ƙibarsa. Wani ya ce ashe Haladu mutumin kirki ne an yi masa mummunan zato. Wani ya zaro wuƙa yana wasawa a dutse.

Haladu ya san ragon, kullum yana jin kukansa ta katanga. Na Bappa Ya'u ne, wanda yake kiwo don babbar Sallah. Ya tsaya cik. Wata zuciya ta ce masa ya yi shiru, a ci nama, a yi masa kirari, gobe ma rana ce. Wata ta ce masa ragon nan ya fi fam guda, kuma a garin nan mutum ɗaya ne ke da fam guda a aljihu. Aka kayar da rago aka fuskantar da shi alƙibla, mai wuƙa ya naɗe hannun riga. Sai ganin Haladu aka yi ya taho a guje ya faɗa kan ragon rub da ciki ya rungume wuyansa.

"Kada ku yanka! Ba nawa ba ne."

"To ina naka?"

"Babu. Ba rago, ba ɗan akuya, ba tuwo. Ko wata ban gani ba, balbela ce."

Daga nan kwance, rago na shure-shure a ƙarƙashinsa, ya zayyana musu komai, tun daga lissafin tsakuwa har zuwa shirin sallamarsu da azahar da yunwarsu.  Bappa Ya'u ya iso yana dogara fartanya, ya dubi ragonsa, ya dubi mutumin da ke kansa.

"Ɗaga mini dabba kada ka karya ta," ya ce. Da Haladu ya miƙe, ya ci gaba. "Wato so ka yi mu yi maka aiki da azumi a bakinmu."

"Haka ne, Bappa. Ga shi ni ne mai azumin, shi ma na ƙarya."

Wani ya fashe da dariya, sauran suka biyo, har da masu riƙe ciki suna faɗuwa a kan kunya. Amma dariya ba ta cika ciki. 'Yan Durun suka ce su ba su taso tun asuba don kallon wasa ba. In ba abinci, to wannan ba gayya ba ce, ƙwadago ne, a biya kowa sisinsa. Sisi talatin sule goma sha biyar ke nan, kuɗin da ya ninka harajin Haladu.

Ana cikin haka sai ga Malam Dalhatu a kan jakinsa, wai wucewa ya zo yi ya ji ganga. Ya sauka ya yi sallama, ya gaisa da kowa bi da bi, ya tambayi gajiya da iyali. Aka ba shi labari, bai yi dariya ba ko kaɗan. Ya kama hannun Haladu ya ja shi gefe, amma ba nesa da kunnen mutane ba.

"Malam Haladu, wannan ai ba abin tashin hankali ba ne. Ga sule goma sha biyar ka sallami bayin Allah. In kana so ma a sayi ragon a yanka, ka fita kunya, a yi maka kirari har Mainika. Ba sai ka biya bana ba. Baɗi in gyaɗa ta zo sai mu yi magana."

Ya kwance bakin jaka. Haladu ya ji ƙarar sulalla. Ga idanu sittin a kansa, ga ƙishirwa, ga Ɗanladi ya ɗaga sandar kiɗa yana jira ya ga wace waƙa zai ɗauko. Hannunsa ya fara miƙuwa da kansa. A lokacin ya tuna da mahaifinsa zaune a zauren Dalhatu, hula a hannu, yana cewa baɗi, kuma ya ji tsoro irin wanda bai taɓa ji ba.

Uwaliya ta riga ta iso da tulun ruwa, tana tsaye a bayan mutane. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Malam, kunyar ai ka riga ka sha ta, kuma kyauta ka sha. Kada ka saye ta kuma da gyaɗar baɗi."

Haladu ya janye hannu ya cusa a hammata ya danne. "Malam Dalhatu, na gode. Ɗaure jakarka." Ya juya wajen Bappa Ya'u. "Bappa, kuɗi ba ni da su. Abinci ba ni da shi. Hankali ma kun ga iyakarsa. Abin da ya rage mini hannu biyu ne da fartanya."

Bappa ya shafa gemu. "To shi ke nan. Kowa a nan ya ba ka yini, za ka mayar masa da yini a gonarsa. Mai cirar gyaɗa, mai yankan dawa, mai ɗaurin harawa. Mutum talatin, kwana talatin. Kun yarda?"

Suka yarda, har da 'yan Durun, waɗanda suka ce su gonakinsu ma sun fi nisa da inuwa.

"Sai a fara bayan Sallah," in ji Haladu a hankali.

"Gobe za a fara. Da tawa."

"Bappa, gobe fa azumi ne."

"Mun sani. Kai ka zaɓo mana lokacin."

 Haladu ya tuna yanzu ba azumi a kansa tunda ya tona kansa, ya nufi ƙwaryar fura, ya tarar tsohon nan mai yana a ido ya wanke ƙafa da ragowar, don shi ya ɗauka ruwa ne.

Haka Haladu ya yi watan azumin nan a gonakin mutane. Da sassafe za ka gan shi da fartanya a kan hanyar Durun ko ta Mainika, yara da manya na tambayarsa yau gonar wa ke bin sa. Da farko yakan sunkuyar da kai, daga baya shi da kansa yake amsawa, "Yau ta Zailani ce, gobe ta wani. Ni ne bawan gari, a yi layi." In an tambaye shi nawa ga wata sai ya ce a tambayi balbela, ta fi shi sani. Tafin hannunsa ya salɓe, ya yi kanta, ya sake salɓewa, kullum bayan shan ruwa Uwaliya na shafa masa man kaɗanya tana ƙunshe dariya. Gyaɗar da ta maƙale a gonarsa kuwa, tsofaffin matan gari suka bi ta da roro kamar yadda aka saba, abin da suka tono nasu ne, suna yi suna sa masa albarka.

Abin da ya tsira daga wuta da roro shi ya ɓare, ya ware iri, ya kai saura sikeli bayan Sallah. Masu falle na zaune a jere a zauren Dalhatu, ana auna tasu ana cewa saura kaza. Da aka zo kansa Dalhatu ya ƙirga kuɗin duka ya zuba masa a hannu, ba abin cirewa. Yatsun Haladu suka ƙi lanƙwasuwa, sai da ya tara da hannu biyu.

"Da ka karɓi abin da na miƙa maka, da ba ka sha wannan wahala ba," in ji Dalhatu.

Haladu ya ɗaga masa tafukan. "Waɗannan kafin babbar Sallah sun warke. Bashinka kuwa na ga wanda ya shiga kabari da shi."

Daga can ya wuce gidan dagaci ya biya haraji, ya dawo gida da taro guda, kwabo uku cif, yana kaɗa shi a aljihu don a ji. Ya shiga ya ajiye a gaban Uwaliya ya ce ta ga abin da ake kira tattali. Uwaliya ta ɗauki taron ta juya shi, ta ƙulle a bakin zaninta.

"Man kaɗanya na kwana talatin, anini-anini," ta ce. "Jarina ne. Na so in bari sai ka samu, amma na san ba ka son bashi ya kwana a kanka."

Haladu ya lalubi aljihunsa na dama, ya lalubi na hagu, ya zazzage hularsa. Ya tsaya tsakar gida ya ce, "To yanzu wa ke bina?"

"Ba kowa."

"Ko anini?"

"Ko anini."

Ya matsa kusa da katanga ya gyara tsayuwa. "Ƙara faɗa da ƙarfi, Uwaliya, ina jin Bappa bai ji ba."